Uwani da Bafaranshiyarta a Birnin Alƙahira

Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a kasuwar Malumfashi a tare ni, har wanda rabona da shi tun ina malamin gona sai ya taka wa babur birki ya ce, "Malam Garba, yaya ƙasar Fir'auna?" Na gaji da yanka labarin gutsi-gutsi, kowa in ba shi abin da ya zo bakina. Shi ya sa na ce bari in zauna in jero shi tun daga ƙofar gida.

Abin da ya kai ni dai 'yata ce, Ramatu. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwani muke ce mata. Faransanci ta karanta a kwalejin horon malamai, har dangi suka daɗe suna yi mini ba'a wai Nijar zan kai ta aure. Da ta auri Malam Nasiru, ɗalibin fiƙihu a Alƙahira, ta bi shi can, sai ta shiga wata jami'a ta ɗora karatu. A damunar 2014 ta bugo waya ta ce ta gama rubuta kundin digiri na biyu, saura abin da suke kira munaƙasha. Wato a zaunar da ɗalibi gaban manyan malamai da jama'a, a yi ta jefa masa tambaya a kan abin da ya rubuta. In ya tsaya a ba shi, in ya faɗi ya koma ya sake.

Na ce, "A kan me kika yi rubutun, Uwata?"

Ta ce a kan wata Bafaranshiya ce marubuciya, wadda ta rayu sama da shekara ɗari biyu da suka wuce, ta nema wa mata haƙƙinsu har aka sare mata kai. Ta faɗi sunan matar, na maimaita, ta yi dariya har da tari. Har yau harshena bai iya shi ba. Bafaranshiyar Uwani nake ce mata, ku ma haka za ku ji.

Maiɗakina Hajiya Binta ita ta haɗa kaya. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, kilishi, har sai da na zauna a kan jakar kafin ta rufu. Muka bi ta Dayi da Gwarzo, dawa ta yi kore shar a gefen hanya. Lokacin shingen sojoji ya yi yawa a mashigar Kano, kowane shinge a sauke mu mu ɗaga hannu mu wuce a ƙasa. Wani soja ya ga fasfo a aljihuna ya ce, "Baba, Umara za ka?" Na ce a'a, makaranta zan je. Ya dube ni da furfurata, ya ce Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

A jirgi na zauna kusa da wani ɗan kasuwar Kantin Kwari mai sarin dogayen rigunan mata. Hanyar ta zame masa kamar zuwa Wudil. Na gaya masa ina da ɗan Larabcin zaure, ya ce in ajiye shi a jaka.

"Kalma uku za su ishe ka, Alhaji. In ka taka mutum ka ce ma'alish. In an dame ka ka ce khalas. Duk abin da ba ka gane ba ka ce tamam."

Ba a daɗe ba na gwada su. Da muka sauka, a wurin binciken kaya wani matashin jami'i ya zuge jakata, daddawa ta yi masa sallama. Ya ja da baya, ya toshe hanci, ya kira abokin aikinsa. Suka ɗaga dunƙule ɗaya suna juya shi kamar sun tsinci abin fashewa. Na ce ma'alish. Na yi alamar tukunya da ludayi, na kai hannu baki. Sai wata babbar mace cikinsu ta zo, ta shinshina kukar, ta gutsiri kilishi ta tauna, idonta ya kawo ruwa saboda yaji. Ta ce wani abu, duk suka fashe da dariya, ta zuge jakar da hannunta ta ce, "Yalla, ya Hagg." Daga ranar har na bar ƙasar sunana ya Hagg, wato Alhaji.

Malam Nasiru da Uwani suna jira a waje. Rabona da ita ya kai shekara uku. Ta rame, idanunta sun faɗa irin na wanda karatu ya ci. A tasi na ce bari in gwada Larabcin nawa. Na gaida direba da cikakken i'irabi, na tambayi lafiyar iyalinsa da halin da gari ke ciki. Mutumin nan ya saurare ni har na dire, ya ce, "Sadaƙallahul azim." Malam Nasiru ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Daga nan na bi shawarar ɗan Kwari.

A unguwar Abbasiya suke zaune, can saman wani dogon bene. Akwai na'urar hawa, amma lokacin ana yawan ɗauke wuta, kuma ni duk sanda na dawo daga masallaci sai in tarar an ɗauke. Gwiwoyina sun ba da labari. Gidan kuwa ɗaki biyu ne da ɗan falo, ba zaure, ba tsakar gida, ba inda suruki zai kauce wa suruki. A Malumfashi Malam Nasiru ko ruwa ba zai sha a gabana ba. A nan in na buɗe ƙofa shi ne, in na juya shi ne. Ranar farko ya ɗauki kwanonsa ya tafi bayan ƙofar kicin yana ci a tsaye. Na ce, "Malam Nasiru, kunyar nan mu bar ta a Kano, in na koma sai mu ɗauke ta. Zo ka zauna." Ya zauna, amma loma uku ya yi ya ce ya ƙoshi.

Wani abin da na gani da idona: Uwani na kan tebur da takardu, Malam Nasiru na wanke kwanuka. Na yi kamar ban gani ba. Daga baya na ji abokansa ɗalibai suna tsokanarsa da mijin Madam, shi kuwa murmushi kawai yake yi.

Abincinsu bai ba ni wahala ba. Da safe wake ne dafaffe lugub da mai da gurasa, ful suke ce masa, talaka da mai kuɗi duk shi ne. Gurasar nan suna girmama ta, in ta faɗi ƙasa sai a ɗauke a ɗora a kan katanga. Sai koshari, wato shinkafa da taliya da wasu ƙananan wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya, kamar mai girkin ya rasa wanda zai zaɓa. Wata rana aka kawo mini koriyar miya mai yauƙi ana ta yaba ta, wai mulukiyya, abincin sarakuna. Na ɗanɗana na ce wannan ai lalo ne, a bayan gidana yake fitowa ba wanda ya shuka. Abin shan da suke alfahari da shi kuma, karkade, zoɓo ne tsaf. Abin da ya fi burge ni shi ne matan bene. Mace ba ta saukowa cefane, kwando take zurowa da igiya ta taga, mai kayan miya ya zuba mata ta janye. Tsallaka titi kuwa sai da Uwani ta riƙa riƙe mini hannun riga, don motocinsu ba sa tsayawa, kai ne za ka ratsa su da tawakkali.

Maƙwabcinsu wani ɗalibin hadisi ne daga Damagaram, Malam Sani. Mutum ne mai ladabi da kaifin baki, ya yi boko a Nijar, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Ya zo gaishe ni bayan la'asar, muka sha shayi. Da Malam Nasiru ya tashi ɗauko sukari sai ya matso.

"Baba, ka yi mini afuwa, amma magana ce ke cina. Mutum ya zo Masar, garin malamai, ya rasa abin da zai karanta sai wata Banasariya? Mu da Faransa ta mulka mun san su. Musulunci ya gama ba mace haƙƙinta tun su suna cikin duhu. Me wannan za ta koya wa 'yar Musulmi? Ɗalibai suna magana, Baba."

Na ce ina jin sa. Ya ƙara da cewa cikin malaman da za su yi mata tambaya akwai wani tsoho da kowa ke tsoro, ya sha mayar da ɗalibi baya a gaban iyayensa. In ya mayar da ita, shekarun nan sun tafi, don Malam Nasiru ya kusa gamawa, gida za su dawo.

Maganar ta tsaya mini a rai. Ni ban san matar nan ba, ban san me ta faɗa ba, ga shi na tsallako ƙasashe don in zauna a shaida. Washegari na tambayi Uwani. Ta ce, "Baba, ka bari sai Juma'a. Akwai inda nake zuwa, za ka ji da kunnenka, da Hausa."

Inda take zuwa sunansa Ard al-Liwa, can ƙetaren kogi. Muka sauka ƙarƙashin ƙasa mu hau jirgin da suke kira metro. Jama'a kamar an buɗe ramin tururuwa. Jirgi ya tsaya, aka yi ta turereniya, na rabu da Uwani. Na hango wata ƙofa da ba a cunkushe ba, na ce Allah ya kawo sauƙi, na faɗa. Uwani ta faɗo bayana tana kira, "Baba! Baba!" ƙofa ta rufe. Sai da jirgi ya tashi na ɗaga kai. Mata ne zalla, tun daga wannan ƙarshe har wancan. Ashe taragon mata ne, namiji ba ya shiga. Wata mai jiki ta taso mini da faɗa, hannu na tashi sama, kalma na bin kalma. Na rikice, na laluba cikin kalmomina uku, na ɗauko wadda ba ita ba. Na ce, "Tamam," wato daidai ne.

Taragon nan gaba ɗaya ya ɗauki dariya. Uwani ta yi musu bayani, ita ma tana share hawaye. Mai faɗan ce da kanta ta tashi wata yarinya ta ce a ba ya Hagg wuri. Na ƙi zama. Na tsaya na ƙura wa takalmina ido har tasha ta gaba, muka sauya tarago. Uwani ta ce an ware wa mata nasu ne saboda matsin da wasu maza ke yi musu a cunkoso. Na tuna motocin kasuwarmu, inda ake cusa mace da goyo a kujerar baya tsakanin buhuna.

Ard al-Liwa lunguna ne matsattsu, benaye sun haɗe sama, a-daidaita-sahu na kutsawa ta ko'ina. Nan na ga baƙaƙen fata fiye da ko'ina a birnin. Muka shiga gidan wata dattijuwa, Hajja Zainaba, Bahausar Sudan. Kakanninta ne suka taso daga ƙasar Katsina da ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gari. Ita kuma wahala ta koro ta Masar, tana sayar da shayi da abinci. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta kakata ce, da kalmomin da na manta an taɓa faɗa. Ta riƙe baki ta ce, "Kai ne uban malama? Marhaba, ɗan'uwana. Katsina tana nan dai?" Na ce tana nan inda aka bar ta.

Mata sun cika ɗakin, yawancinsu masu aikatau ne a gidajen Misirawa. Ashe duk Juma'a Uwani na zuwa ta koya musu karatu. Aka ajiye mini kujera a bakin ƙofa ta waje, aka ba ni gahawa mai citta. Da aka gama darasi Hajja Zainaba ta ce, "Malama, yau sai ki ba mu labarin matar nan da ta hana ki barci, tunda ga babanki."

Uwani ta gyara zama. Ta ce matar 'yar mahauci ce daga wani gari a kudancin ƙasarsu. Faransancin ma ba shi ta sha a nono ba, suna da nasu yaren na karkara, daga baya ta koya, kamar yadda su ma suka zo suka tarar da Larabcin Masar. Mijinta ya mutu tana da ƙuruciya, ya bar ta da ɗa namiji guda. Ta ɗauki ɗanta ta tafi babban birni. Alƙalami bai zauna mata sosai a hannu ba, sai ta riƙa faɗa ana rubuta mata, masu ilimi suna yi mata dariya.

"Abin da ta fara ɗaga murya a kai, bayi ne," in ji Uwani. "Baƙaƙe irinmu da ake kwasa a jirgin ruwa. Ta shirya wasan kwaikwayo a kansu, masu cin ribar bayi suka tayar da hayaniya har aka daina nuna shi."

Ta ci gaba da cewa ana nan sai mutanen ƙasar suka yi wa sarkinsu bore. Manyan maza suka zauna suka rubuta takardar 'yancin ɗan'adam, aka yi ta murna. Matar nan ta karanta, ta duba sama ta duba ƙasa, ba ta ga mace a ciki ba. Sai ta ɗauki takardar tasu ta bi ta layi-layi, ta sake rubuta ta da mace a ciki. Ta nemi mace ta mallaki dukiyarta, ta yi karatu, a ji ta bakinta a shawarar gari, ta iya fita daga auren da ya gagara. Ta nemi a kula da matan da mazansu suka mutu, a gina wa masu haihuwa wuri mai tsabta. Hujjarta ita ce, tunda doka na kama mace ta hukunta ta kamar namiji, to a bar ta ta yi magana a inda ake yin dokar.

Wata daga ciki ta ce, "Suka yarda?"

"Ina fa. Da suka tashi kashe sarkin ta ce a bar shi da ransa. Da sababbin masu mulki suka fara zubar da jini ta soke su a rubuce, ta sa aka manna a bango. Suka kama ta, suka hana ta lauya, ita kaɗai ta tsaya ta kare kanta. Suka sare mata kai a bainar jama'a, aka ce sauran mata su ɗauki darasi. Sai da aka yi sama da shekara ɗari kafin matan ƙasar su jefa ƙuri'a. An manta da ita tsawon zamani, matan baya ne suka tono rubutunta suka ɗora daga inda ta tsaya."

Hajja Zainaba ta ce, "Ɗan nata fa?"

"Ya tsorata, Hajja. Ya fito ya ce ba ruwansa da ita."

Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Wannan ya fi wuƙar zafi," in ji ta. Gahawata ta huce a hannuna ban sani ba. Ban taɓa jin 'yata ta yi magana mai tsawo haka ba. A gida yarinya ce mai shiru, sai ka tambaye ta sau biyu kafin ta amsa. Da za mu tafi Hajja Zainaba ta tambayi ranar munaƙasha, ta ce ko da rarrafe sai ta je.

Ranar ta zo da zafi. Na sa babbar rigata ta Sallah. Zauren jami'ar an cika shi da furanni, 'yan ajinsu Misirawa na yawo da faranti suna raba alewa, kai ka ce ɗaurin aure. Malamai uku suka shigo da baƙaƙen alkyabbu: wata mace, ita ce ta duba aikin Uwani tun farko, da wani matsakaici, da tsohon da aka ba ni labari, siriri mai tabarau, ya rungumo kundin duk ya cusa masa 'yan takardu. Uwani na gefe ita kaɗai a ƙaramin tebur. Ana shirin farawa sai ga Hajja Zainaba da matanta sun shigo cikin lafaya kala-kala, suka cika layin baya.

Da Faransanci za a yi, kuma duk cikin mutanenmu ba mai jin sa sai Malam Sani. Malam Nasiru ya roƙe shi ya zauna kusa da ni ya riƙa fassara mini. Ya zauna, fuska ba yabo ba fallasa.

Uwani ta fara bayani. Ba ta yi nisa ba aka ɗauke wuta. Lasifika ta mutu, fankoki suka tsaya. Malamar ta tambaye ta ko a jira. Ta ce a'a, ta miƙe tsaye, ta ture lasifikar gefe, ta ci gaba da muryar da Allah ya ba ta. Har layin baya ana ji.

Matsakaicin malamin bai tsananta ba. Da aka zo kan tsohon sai ya buɗe kundin ya fara bi shafi-shafi. Nan kin yi kuskuren nahawu. Nan kin ɗauko magana ba ki faɗi inda kika samo ba. Nan fassararki ta karkace. Malam Sani na raɗa mini, ni kuwa gumi na bin bayana. Uwani na rubutawa tana cewa ta karɓa, ta gode. Wuri ɗaya ne ta ce a'a, ta buɗe wani littafi ta karanta masa, ya duba nasa, ya yi gyaran murya ya wuce. Na saci kallon Malam Nasiru, leɓunansa na motsi, carbi na gudu a hannunsa.

Sai tsohon ya rufe kundin, ya jingina, ya yi wata doguwar tambaya. Na ga Malam Sani ya gyara zama.

"Baba, ya ce ita Musulma ce daga ƙasar Musulmi. Addininta ya ba mace gado da dukiya da sadaki tun ƙarnoni kafin a haifi wannan matar. To me ta zo nema wurinta? Ko kuwa an koya mata raina abin gida ne?" Ya ɗan dube ni. "Tambayata ke nan, Baba."

Mutane na ta fifita da takardu. Uwani ta ajiye alƙalami. Sannan ta fara, a hankali, tana kallon tsohon. Malam Sani na bin ta.

"Ta ce ba ta zo ta ce duk abin da matar ta faɗa daidai ne ba. Akwai inda suka rabu, kuma ta rubuta wuraren a babi na ƙarshe. Ta ce gaskiya ne addininmu ya riga su, kuma tana alfahari da haka." Ya saurara. "Ta ce amma a garinsu ta san matan da gonar gadonsu ke hannun 'yan'uwansu maza har su mutu, ba su taɓa sanin akwai ayar da ta yanka musu rabo ba."

Na san gonakin da take nufi. Na yi shekaru ina ratsa su da babur.

"Ta ce abin da ta koya wurin matar nan shi ne mace ta ɗauki abin da aka rubuta ta karanta da idonta, ta yi tambaya da bakinta. Ita waccan ta duba ba ta ga sunanta ba, ta tambaya, aka kashe ta. Ta ce mu namu sunan yana ciki tun asali…" Nan Malam Sani ya tsaya. Na taɓa gwiwarsa na ce ina ji. Ya ci gaba. "Ta ce namu yana ciki, karatun ne aka bar mata a baya. Shi ya sa in ta koma gida aji za ta buɗe."

Tsohon ya cire tabarau ya goge da gefen alkyabba, ya daɗe yana gogewa. Bai ce ta yi daidai ba, bai ce ta yi kuskure ba. Suka tashi su uku suka shige wani ɗaki. Jiran nan ban san tsawonsa ba, na dai san na karanta duk abin da na haddace. Da suka fito kowa ya miƙe tsaye. Tsohon ne ya karanta hukuncin, da Larabcin littafi, irin nawa na zaure, don haka wannan karon ban nemi tafinta ba. Na ji sunan 'yata, na ji sunana a bayansa, na ji an ce mumtaz, wato ta ci da daraja mafi girma.

Matan Misirawa suka saki tasu guɗar, siririya mai kaɗa harshe. Sai Hajja Zainaba ta toshe hanci daga layin baya ta rangaɗa irin tamu, wadda kakarta ta fito da ita daga Katsina. Zauren duka ya waiwaya. Aka yafa wa Uwani baƙar alkyabba, ana ta rungumar ta, ana ɗaukar hoto. Ta ratso mutanen nan duka, ta zo gabana, ta durƙusa har ƙasa da alkyabbar da komai, ta ce, "Baba, an gama." Misirawa suka tsaya kallo, don su ba sa durƙuso, goshi suke sumbata. Na shirya maganganu tun a jirgi, ko ɗaya ban tuna ba. Na dafa kanta na ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata."

Tsohon malamin ya zo ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, "Mabruk, ya Hagg," ya ƙara da cewa ta gyara kurakuran nan kafin ta kai kundin ɗakin karatu. A hanyar fita Malam Sani ya jero da ni. Ya ce, "Baba, har yanzu ni ban yarda da Banasariyar nan ba. Amma in an buɗe ajin, ina da ƙanne mata a Damagaram."

Sauran kwanakin na yi su ina yawo a unguwar Darrasa, Malam Nasiru na zagayawa da ni shagunan littattafai da tsofaffin masallatai, na sayi tsaraba daidai ƙarfina. Jakar da ta je da daddawa ta dawo da dabino da turare, ba wanda ya toshe hanci.

Na iso gida da yamma ana yayyafi. Bayan an watse da 'yan sannu da zuwa, Hajiya Binta ta kawo mini tuwo ta zauna a gefen tabarma, ta ce in ba ta labari kada in tsallake komai. Na ba ta, har da na Bafaranshiyar, yadda na ji shi a bakin ƙofar Hajja Zainaba. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Ita waccan baiwar Allah, ranar da aka tsayar da ita gaban alƙalai, wa ya je mata?"

Na ce yadda na ji, ba kowa.

Ta jima tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Sannan ta tura mini kwanon miya kusa, ta ce, "Gara da ka je, Malam. Ci tuwonka kada ya huce."